Kifin a gidansa yake

Tun da shak, babban kifin tekun nan mai kai wa mutane hari, ya kashe wani ɗan Italiya a Marsa Alam da ke gaɓar Bahar Maliya a Masar a ƙarshen Disambar 2024, jaruman Facebook suka ɗaura ɗamara, wai a bi kifayen shak a kashe kaf. Madalla da wannan basira! A kwashe Bahar Maliya tas a cika ta da ruwan famfo, sai mu ga wanda zai biya Masar dala ya zo kallo.

Jama'a, kifin nan a gidansa yake. Ma'aikatar muhallin Masar da bakinta ta ce abin ya faru ne a ruwa mai zurfi, bayan iyakar da aka ware wa masu ninkaya. Allah ya ba iyalan mamacin haƙuri, wallahi ba abin dariya ba ne. Amma kisan ai an gwada shi. A Hurghada, can Masar ɗin, a 2023, da shak ya cinye wani matashi ɗan Rasha, kamo kifin aka yi, aka yi ta jibgarsa ana ɗaukar bidiyo, aka rufe gaɓar teku kilomita 74 na ɗan lokaci. Me ya hana? Shekara ɗaya da rabi, ga Marsa Alam.

A killace wa mutane wurin wankansu, a bar wa kifi nasa. Shi ke nan fa.

Kar wani ya kawo min zancen ragar shak ta Durban a Afirka ta Kudu da ake sakawa tun 1952. Wannan tarko ce. Shak na bi ta ƙarƙashinta da gefenta, ita kuwa tana shaƙe kunkurun teku da dolfin da ba su ji ba su gani ba. Ku dubi Fish Hoek kusa da Cape Town. Raga ce mai ƙananan idanu, daga saman ruwa har ƙasa, a kafa da safe a naɗe da yamma. Ga masu gadi a kan dutse suna leƙen ruwa, da sun hango shak sai jiniya da tuta, kowa ya fito. Masu cewa da tsada, otal ɗin da ke iya kunna fitilun ado har asuba ne zai kasa sayen raga?

Kuma ruwa ba ya tsami banza. An kwashe ƙananan kifayen da shak yake ci, masu jiragen yawon buɗe ido suna watsa abinci a ruwa don baƙi su samu hoto mai kyau, an farfasa murjanin da kifi ke fakewa. Ka kira shi da hannunka, sannan ka ce ya yi maka kutse? A gidansa yake!

Ni abin da har yau ke ba ni mamaki shi ne na hare-haren shak a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2010. Masana suna ta nuni ga mushen tumakin da aka zubar daga jirgin ruwa gab da Babbar Sallah, shi kuwa gwamnan Kudancin Sina'i ya ce ba a cire hannun Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, a ciki ba. Gwamna guda fa! Ashe ɗora laifi kan maƙiya idan aiki ya gagara ba a kanmu aka fara ba.