Gilashin mota ya tsaya, mai rewaya ya ce a sayo moto

Wallahi abin da ake yi wa masu mota a kan gilashi mai hawa da wuta ya isa haka nan. Gilashi ya ƙi hawa, a kai wa mai rewaya, kafin ma ya ɗauko fitilar gwaji ya riga ya yanke hukunci: moto, wato ɗan injin da ke ɗaga gilashin, ya ƙone, a sayo wani. A sayo na Beljiyam a ɗaura, kwana kaɗan gilashin ya sake cijewa a tsakiya, ga ƙurar hunturu ko ga hadari ya taso. Kuɗi sun tafi, ƙofa ta sha duka, cutar kuma tana nan daram.

Alhali aikin ba shi da wani sirri. Wutar batir mai volt 12 ce take bi ta fis, yawanci mai lamba 20 zuwa 30, ta isa maɓallan ƙofar direba, daga nan ta tafi ƙaramin moton da ke cikin kowace ƙofa. In ka ja maɓalli sama, ya ba waya ɗaya wuta ya haɗa ɗayar da jikin mota. In ka danna ƙasa, ya musanya su, moton ya juya baya. A bakin moton akwai ƙarfe mai murɗaɗɗen zare da ke juya giyar roba, kuma giyar ba ta iya juya shi, shi ya sa ba a tura gilashi ƙasa da hannu. Giyar ce ke motsa abin da ke ɗauke da gilashin: ko dai ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa irin na almakashi, ko kuma siririyar igiyar ƙarfe da ke naɗewa a jikin ɗan gangar roba. Shi ke nan. To mene ne a ciki da zai sa a riƙa canki-canka da kuɗin mutane?

Gwajin farko ko sukundireba ba ya buƙata. Kunna makulli, buɗe ƙofa, danna maɓallin kana kallon fitilar rufi. In ta ɗan dusashe, wuta tana kaiwa, wani abu ne ya cije. In ba ta motsa ba, yawanci wutar ce ba ta kai ga moton ba. In kuwa kana jin moto yana kuka gilashi bai motsa ba, ko ya faɗa cikin ƙofa, igiya ce ta tsinke ko robar da ke riƙe da gindin gilashin ta karye, moton lafiyarsa ƙalau. Duka huɗu sun tsaya lokaci guda? Fis ne, ko rile, wato ɗan akwatin da ke buɗe wa wutar hanya, ko maɓallan direba. Na fasinja uku kaɗai? A duba maɓallin kulle gilasai da ke ƙofar direba, sau da yawa yaro ne ya danna shi.

Wurin da ya fi ba ni haushi shi ne robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Duk wayoyin ƙofa ta cikinta suke bi, kuma duk buɗewa da rufewa sai sun tanƙwaru. Shekara da shekaru a haka, tagullar ta karye a ciki, bawon yana nan kamar ba abin da ya same shi. Alamarsa a fili take: gilashi ya yi aiki in ƙofa tana buɗe, ya ƙi in an rufe. Gyaransa ɗan guntun waya ne da dalma. Amma wa zai zauna ya zare robar ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, alhali sayen moto ya fi kawo la'ada?

Sai ƙura. Gilashi yana zamewa ne a cikin roba mai kwari a gefensa biyu. Ƙurarmu ta cika kwarin, rana ta busar da robar, moto ya riƙa ja da ƙyar har ya yi zafi. A cikinsa akwai ɗan ƙarfen da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, in ya huce ya mayar. Shi ne gilashin da yake tsayawa ya dawo bayan 'yan mintuna, wasu su ce ya mutu. Maganinsa a wanke kwarin a fesa man silikon. Masu rewaya kuwa sai su ɗebo baƙin mai ko giris su labta, robar ta kumbura, ƙura ta manne, jan ya ƙara nauyi, sabon moton ma ya bi sahun tsohon.

Ɓarnar da ake yi wa ƙofar ita ce ta fi ciwo. A finciko murfin ciki da ƙarfi, ƙananan robobin da ke riƙe shi su karye, a mayar da shi da kusa. Ledar da kamfani ya manna a bayan murfin, a yage ta a yar, wai ba ta da amfani. Ita ce fa ke tare ruwan da ke bin jikin gilashi har ya fita ta ramukan gindin ƙofa. In babu ita, damina ɗaya ta isa ta jiƙa maɓalli da sifika. In gyara ya gagara, a tokare gilashin da guntun katako a ce Alhaji a yi haƙuri da shi haka.

Mafi muni, fis ya ƙone a naɗa masa wayar tagulla ko takardar kwalin sigari. Fis ba ya ƙonewa a banza, sau da yawa yana faɗa maka waya ta goge tana taɓa ƙarfe ne. Ka hana shi ƙonewa, wayar ce za ta ɗauki zafin, a cikin ƙofa mai cike da roba da soso.

Har wanda ba lalacewa ba ma ana karɓar kuɗinsa. A motoci da yawa, in an cire kan batir, hawan da gilashi ke yi da kansa da taɓawa ɗaya sai ya daina. Ka sauke shi ƙasa gaba ɗaya, ka ɗaga shi har ya rufe, ka ci gaba da riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu, ya dawo daidai. Wannan ma sai a kwance murfin ƙofa a kansa, a ce wa mai mota kwamfuta ce ta taɓu, ya kawo kuɗin sabuwa!