Mun cika ƙofar gidan mamba, mun bar shi shi kaɗai a zauren majalisa

Da sanyin safiya, tun rana ba ta fara dukan da ta saba yi wa Sakkwato ba, na raka kawuna gidan ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu. Ana sallame asuba ya baro ƙauye a bayan a-kori-kura, da takarda ninke a aljihun gaban rigarsa. Abin da ke cikinta bai fi layi shida ba: fanfon burtsatsen garin mai aiki da hasken rana ya yi wata huɗu a tsaye, mata da yara sun koma rijiyar bakin fadama, malamin asibiti kuma ya ce gudawa ta yi yawa ga ƙananan yara. Mai gari da liman sun sa hannu, sauran dattawa suka dangwala yatsa.

Mun tarar da mutum ya fi arba'in a ƙofar gidan. Ga mai takardar magani da likita ya rubuta masa, ga mai katin ɗaurin aure, ga wata tsohuwa riƙe da hannun jikanta da kuɗin jarrabawa ya gagara, ga samarin unguwa da ke neman rigunan ƙwallo. Sai wajen ƙarfe goma Honorabul ya fito. Haƙƙinsa ne in faɗa, ban ga girman kai tare da shi ba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida kawu, ya ce, "Baba, kai da kanka? Ai da ka aiko." Ya karɓi takardar, ya duba ta sama-sama, ya miƙa wa yaronsa, sannan ya sa hannu aljihu ya ba kawu na shiga mota. Duka-duka ba a yi minti uku ba.

A hanyar tasha na ce wa kawu ni dai ban ga abin da muka samo ba. Ya watsa mini harara.

"Kai wanga yaro, mi kaka so shi yi muna? Mutum ya tarbe ka, ya duƙa ya gaishe ka, ya ba ka na mota. Wanda yar riga shi ko ƙohwar gidanai ba mu sani ba."

Kawu yana da gaskiyarsa, kuma ba zan zauna cikin inuwa in zagi mutanen da ke layin nan ba. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 kan talauci ta fuskoki da dama, Sakkwato ce a sahun gaba, da kusan mutum 91 cikin 100. Wanda matarsa ke kwance asibiti ba shi da lokacin karanta tsarin mulki, duk ƙofar da ya ga a buɗe nan zai tsaya. Sai dai lissafin ne ba ya fita. Kujeru 30 ne a majalisar dokokin jiharmu, ƙananan hukumomi 23, gundumomi 244. Ko mamba ya sayar da gidansa da gonarsa da motarsa, aljihunsa ba zai shayar da mazaɓa ruwa ba. Abin takaicin shi ne, yana riƙe da wani abu da ya fi aljihun nasa nauyi nesa ba kusa ba, kuma cikin mu arba'in ɗin nan ba wanda ya zo nemansa, har da ni da nake wannan surutu.

Sashe na 128 da na 129 na tsarin mulkin 1999 sun ba majalisar jiha ikon bincikar duk ma'aikata ko hukumar da ke aiwatar da dokar da ta yi ko ke kashe kuɗin da ta amince da su. Tana iya kiran kowa ya zo ya yi bayani, ya kawo takardu, in ya ƙi a sa a kawo shi. Tsarin mulkin ma ya faɗi dalilin ba ta wannan iko ƙarara: gyara kurakuran dokoki, da tona almundahana, sakaci da almubazzaranci. Uban ƙasa ba shi da wannan iko, malami ba shi da shi, ɗan jarida ba shi da shi. Mamba ne kawai.

To, da takardar kawu ta bi ta wannan hanya fa? Mamba ya miƙe a zaure ya gabatar da ita a matsayin batun gaggawa, kakakin majalisa ya miƙa wa kwamitin da ke kula da ruwa. Kwamiti ya kira kwamishina da shugaban hukumar da abin ya shafa, a tambaye su: burtsatse nawa aka sa a kasafin bara, nawa aka saki daga kuɗin, nawa aka haƙa, nawa ke aiki yau, kuma in injin ya ƙone wa aka ɗora wa gyara, jiha ko ƙaramar hukuma ko mutanen gari? Amsar wannan tambaya ta ƙarshe kaɗai ta isa ta haifi dokar da za ta tilasta ware kuɗin gyara duk shekara. Ka ga ba fanfon garin kawu kaɗai za ta tayar ba. Amma irin wannan aiki ba ya hoto. Ba a rubuta sunan mutum da jan fenti a jikin tanki saboda ya yi tambaya mai kyau a kwamiti. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Illela ko ta Wurno ya ga tankunan nan masu ɗauke da sunan wanda ya ba da, da shekarar da ya ba da, da yawansu kuwa ko tsuntsu ya daina sauka kansu neman ruwa.

Kada a ce mini mutanenmu ba su damu da doka ba. Ku tuna da 2024. A watan Afrilu gwamnatin Ahmed Aliyu ta tuɓe iyayen ƙasa 15, bayan nan aka kai wa majalisa ƙudirin gyaran dokar ƙananan hukumomi, wanda ya mayar da naɗin iyayen ƙasa da hakimai hannun gwamna, Majalisar Sarkin Musulmi kuma ta riƙa ba da shawarar wanda za a naɗa. Garin nan ya ɗauki zafi. Teburin mai shayi, tashar kabu-kabu, rumfunan Tsohuwar Kasuwa, ko'ina maganar ke nan. Wanda bai taɓa jin kalmar karatu na biyu ba sai ga shi yana tambaya ko an yi shi. Aka yi zaman jin ra'ayin jama'a, masu goyon baya da masu suka kowa ya faɗi nasa, majalisa ta amince, gwamna ya sa hannu a watan Yuli. Ba na nan don in sake buɗe wancan babi, kowa ya riƙe ra'ayinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba wannan doka kaɗai aka sa wa hannu ranar ba. Guda shida ne, ciki har da wadda ta shafi hukumar zakka da waƙafi, da ta hana nuna wa naƙasassu wariya, da ta sha'anin haya. Je ka Mabera ko Gidan Igwai ka tambayi ɗan haya goma abin da dokar haya ta ba su ko ta hana mai gida ya yi musu. In ka samu ɗaya da ya sani, ni zan biya maka shayin.

Bambancin kawai shi ne, maganar sarauta an kawo wa mutane ita da harshensu, sun gane abin da za su samu da abin da za su rasa. Sauran dokokin kuwa da Turanci suka shiga zaure, da Turanci suka fito, suka wuce durowa. Alhali sashe na 97 na tsarin mulki ya yarda majalisar jiha ta yi aikinta da wani harshen da ake yi a jihar bayan Turanci, in dai ta zartar da haka. Me zai hana duk ƙudirin da ya tsallake karatu na farko a fassara shi da Hausa, da boko da ajami, a karanta shi a Rima Rediyo, mamba kuma ya ɗauki kwafi ya je hedikwatar mazaɓarsa ya zauna da jama'a yini guda? A garin da Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u suka riƙa mayar da ilimi cikin harshen da talaka ke ji don ya isa har ɗakin mata, abin kunya ne a ce dokar da za a hukunta mutum da ita sai lauya ne zai iya karanta masa.

Kuma doka ba ta ƙarewa ranar da gwamna ya sa mata hannu aka ɗauki hoto. A watan Nuwamban 2021 gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya rattaba hannu kan dokar kare yara, da kuma ta hana cin zarafin jama'a. Ta tarayya kan haƙƙin yara tun 2003 take, wato sai da muka yi shekara 18 muna kai-kawo kafin mu samu wadda ta dace da addininmu da al'adarmu. Madalla. To bayan nan fa? Wace hukuma aka ɗora wa aiwatarwa, nawa ake ware mata duk shekara, ƙara nawa ta kai gaban alƙali, ina ake kai yarinyar da aka ci zarafinta a ƙauyen da ba likita? Wannan bibiya aikin mamba ne, ko da ba shi ya kawo ƙudirin ba, ko da lokacin da aka yi dokar bai shiga majalisa ba. Ni a wurina, mamban da ya ɗauki tsohuwar doka guda ya bi ta har ya ga tana aiki ya fi wanda ya jera sabbin ƙudirori goma da ba a ware musu ko sisi ba.

Haka batun tsaro. Mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah ba su buƙatar a ba su labarin 'yan bindiga, haka na Tangaza da Gudu da ke fama da Lakurawa. Mamba ba shi da soja, 'yan sanda ma na tarayya ne. Amma rundunar tsaron al'umma ta jiha da doka aka kafa ta, kuma ta zauren nan dokar ta bi. Saboda haka yana da bakin tambaya ko ana biyan samarin nan alawus a kan lokaci, me ake yi wa iyalan wanda ya rasa ransa a daji, kuma wa ke hukunta wanda ya wuce gona da iri a cikinsu. Zuwa jaje da buhun shinkafa abu ne mai kyau, Allah ya ba da lada, sai dai duk mai hali zai iya wannan.

Inda na fi son ganin idon 'yan majalisarmu shi ne kuɗin ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce mulkin kantomomi ba shi da gurbi. Kowa ya yi murna. Amma kuɗi ko ta asusun haɗin gwiwa suka bi ko suka faɗa hannun ciyaman kai tsaye, in ba mai tambaya, hanyarsu ɗaya. Sashe na 7 ya ɗora wa jiha yin dokar da ke tsara ƙananan hukumomi da kuɗinsu, rahoton babban mai binciken kuɗi kuma gaban majalisa yake zuwa, kwamitin asusun gwamnati ya duba shi. Fanfon garin kawu, rufin ajin firamare da iska ta yaye, maganin asibitin sha-ka-tafi, duk a cikin waɗannan takardu suke kwance.

Na san abin da mamba zai ce in mun keɓe. Zai ce, malam, tikiti ba a hannunku yake ba, a hannun manya yake, wanda ya cika tambaya ba ya dawowa. Ban ƙaryata shi ba. Ba yau aka fara kiran majalisun jihohi 'yan amshin shata ba, kuma ba Sakkwato kaɗai ba. Gyaran tsarin mulkin da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ƙarfafa musu 'yancin riƙe kuɗinsu, amma 'yancin asusu daban, ƙarfin zuciya daban. Kiranye kuwa da sashe na 110 ya tanada, sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa sun sa hannu kafin a je ƙuri'ar raba gardama, abin da ko a birni da wuya, balle a yankin da rabin ƙauyukan sun watse. To amma tambayar kwamishina ina aka kwana kan burtsatse ba tawaye ba ne. Gwamnan da ke son aikinsa ya tsaya shi ya fi kowa buƙatar wanda zai gaya masa cewa abin da aka rubuta masa an kammala, a ƙasa ba haka yake ba. Kuma mamba zai fi samun ƙarfin halin miƙewa in ya san akwai mutum arba'in daga mazaɓarsa zaune a wurin 'yan kallo, maimakon kan tabarmar ƙofar gidansa. Kwana 181 aƙalla tsarin mulki ya ce su zauna a shekara. Ni kaina da nake zaune cikin garin nan, ban taɓa ba su ko yini ɗaya daga ciki ba, kuma bana na ɗaura niyyar zuwa ranar da kwamishinoni za su kare kasafinsu.

Bayan sati uku da zuwanmu, kawu ya kira ni da dare, muryarsa har rawa take don daɗi. Honorabul ya aiko da mai gyara daga birni, an canza injin da kuɗin aljihunsa, ruwa ya taho, an kuma sake fentin tankin an rubuta sunansa.

"To, mi kac ce yanzu?"

Na ce Allah ya saka masa da alheri, kuma har zuciyata na faɗa. Sannan na tambaye shi labarin garin da ke gaba da su, wanda nasu fanfon ya riga na su kawu mutuwa.

Ya ɗan yi shiru. "Su ai ba su da kowa gidan Honorabul," in ji shi. "Nan suka tahowa ɗiba da jakkai."