Sankarar jini: a ba ɗakin gwaji haƙƙinsa kafin a ɗaura wa mutum magani

Idan likita ya ce wa iyali ɗansu yana da sankarar jini, bai gama magana ba. Cututtuka ne da dama a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma abin da ya raba su yana can cikin kuromosom na ƙwayoyin da suka lalace. Shi ya sa nake ganin cewa yanzu da ake maganar farfaɗo da asibitocin Sudan, bai kamata ɗakin gwaje-gwaje ya zo a ƙarshen jeri ba.

Ƙwayar jikin ɗan Adam tana ɗauke da kuromosom 46, biyu-biyu har 23, kuma a cikinsu ne umarnin gina jiki yake. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka lura, a birnin Filadelfiya na Amurka, cewa masu sankarar jinin nan mai tafiya a hankali, wadda ake kira CML, suna da wani kuromosom da ya gajarce, wanda ake kira kuromosom na Filadelfiya. Sai a 1973 Janet Rowley ta gano dalili: na 9 da na 22 ne suka karye suka yi musayar guntaye. A mahaɗar ne ake samun sabuwar ƙwayar gado, BCR-ABL, wadda ke sa ɓargo ya yi ta zubo fararen ƙwayoyin jini ba tsayawa, kamar famfon da makunninsa ya lalace. Maganin imatinib, da aka amince da shi a 2001, wannan makunnin yake toshewa. Ƙwaya ce ta haɗiya kullum, kuma mafi yawan waɗanda suka dage da shanta suna rayuwa shekara da shekaru suna sana'arsu. Tun 2015 tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

To amma ta yaya za a kai ga ƙwayar maganin? Ku dubi manomi a ƙauyukan Gadarif: gefen cikinsa na hagu ya yi tauri, loma uku ta ƙosar da shi, zufa na jiƙa masa riga da dare, wando ya yi masa yawa. Kowa zai ce saifa ce, zazzaɓin cizon sauro ne ko kala'azar, kuma ba laifinsu ba ne, don yankin ya san kala'azar sarai. A sha jiƙo, wani ma a yi masa tsaga ko ƙaho, watanni su wuce. Ƙidayar ƙwayoyin jini za ta tayar da zargi, amma gwajin BCR-ABL ne ke tabbatar da cewa maganin nan nasa ne.

Akwai wani nau'in mai saurin kisa ta hanyar zubar jini, APL, inda musayar ke tsakanin na 15 da na 17. Likitocin Sin ne suka nuna cewa wani sinadari ɗan uwan bitamin A, da kuma arsenik, suna maganinsa, kuma yau idan an gano shi da wuri yana cikin waɗanda aka fi warkarwa. Ciwon da Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara, shi kuma galibi na 8 da na 14 ne.

Bincike ya wuce nan. A 1999 masana a Boston suka auna dubban ƙwayoyin gado lokaci guda, wacce ke aiki wacce ta yi shiru, suka raba manyan nau'o'i biyu na sankarar jini mai gaggawa da wannan tsarin kaɗai. A 2009 aka gano wasu masu sankarar jini mai gaggawa da ba su da kuromosom na Filadelfiya, amma ƙwayoyin gadonsu na aiki tamkar suna da shi, kuma cutarsu ta fi taurin kai. Wannan aiki ne mai tsada, ba shi nake nema mana yau ba.

Na san abin da za a ce: ƙasar da ke fama da yaƙi da kwalara da yunwa ina ta ga sararin maganar kuromosom? Maganar tana da nauyi. Bayan yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023 aiki ya tsaya a asibitin Zarra na masu sankara a Kartum, marasa lafiya suka koma Madani, a Disamban shekarar Madani ma ta faɗa cikin yaƙin, suka watsu Gadarif da Kasala da Marawi da Fot Sudan, wasu ko takardunsu ba su ɗauko ba. Sai dai a irin wannan halin ne hasashe ya fi tsada. Iyalin da suka sayar da awaki da buhunan riɗi don allurar da ba ita ce ta dace ba sun yi asara biyu. Kuma abin bai fi ƙarfinmu ba: na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita tana iya auna BCR-ABL idan an samu kayan gwajin, haka kuma an nuna cewa ana iya ɗiga jini a takarda ta musamman ya bushe, a aika shi ɗakin gwaji mai nisa.

Wani abu yana damuna a garuruwanmu, daga Mai Wurno har unguwannin Hausawa na Kasala. Da an ji kalmar gado sai a fara raɗe-raɗi a kan 'yan matan gidan. Karyewar nan ta 9 da 22 ba gadonta ake yi ba, a ɓargon mutum take faruwa bayan an haife shi, kuma ba ya ba 'ya'yansa. Fasa aure saboda ita zalunci ne.

Mai jinya ya tambayi likita sunan nau'in, ya tambaya ko an yi gwajin kuromosom, in ba a yi ba ina ake yi, ya kuma ɗauki hoton sakamakon a waya ya tura wa wani ɗan uwa. Wanda ke shan imatinib kuwa kada ya daina don ya ji sauƙi, sai gwajin jini ya nuna kuma likita ya ce.