Matasan Katsina, Ga Sallah Ta Zo: Ina Godiyarmu?

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa. Azumi ya zo gangara, teloli sun daina barci, kasuwa ta cika maƙil. A irin waɗannan kwanaki ne za ka ga saurayi yana huci don shaddarsa ba ta kai ta abokinsa tsada ba, ko budurwa ta kumbura fuska don leshin da aka sayo mata wai yayinsa ya wuce. Don Allah mu dakata mu yi wa kanmu hisabi.

Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne gaba ɗaya. Mu 'yan jihar nan ba sai an yi mana dogon sharhi a kan wannan hadisi ba. Mutane da yawa daga yankunan Batsari, Jibiya, Safana da Faskari sun baro gonakinsu da rumbunansu saboda 'yan bindiga, wasu suna raɓe a gidajen dangi, wasu a kangaye a cikin birnin nan. Kai ka kwana a ɗakinka, ka tashi ka tarar da mahaifiyarka da rai tana kiran sunanka. Da wane baki za ka ce ba a yi maka komai ba? A Suratu Luƙman, aya ta 14, Allah ya haɗa godiya gare shi da godiya ga iyaye wuri guda. Kuma godiyar nan aiki ce da ake gani, rubuta "Alhamdulillah" a Facebook bai isa ba.

A fara da zakkar fidda kai. Maigida ne ke fitar wa kansa da duk wanda ciyarwarsa ke wuyansa, amma ku matasa ne ƙafafunsa. Kowane mutum sa'i ɗaya, wato mudun Annabi huɗu, kimanin kilo 2.5 zuwa 3, daga abincin da aka fi ci a gari: gero, dawa, masara ko shinkafa. Gida mai mutum takwas zai fitar da kilo 20 zuwa 24 ke nan. Inda ake yawan kuskure uku ne. Wani ya ɗauki kwanon awo na kasuwa a matsayin mudun Annabi, alhali ba ɗaya ba ne, don haka a nemi ma'aunin a wurin malamin unguwa. Wani ya kwaso tsohon hatsin da ƙwari suka huda ya ce na sadaka ne, abin da shi kansa ba zai kai injin niƙa ba. Na uku shi ne jinkiri: a ba yaro ya kai, ya tsaya aski ko karɓo ɗinki, har a sauko daga Idi. An halatta a fitar kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah, kuma hakan ya fi amfani ga mai karɓa, don ya samu ya surfa, ya niƙa, ya ɗora tukunya kamar kowa.

Sai aikin gida, wanda mu maza muka fi raina shi. Wainar da kake dangwala da miyar taushe da safen Sallah, tun jiya aka jiƙa shinkafarta, aka kai markaɗe, aka bar ƙullun ya kwana ya tashi. Kafin kiran assalatu Inna tana tsugune gaban tanda, hayaƙi na shiga idonta, tana juya waina ɗaya bayan ɗaya da tsinken ƙarfe, bayan wata guda tana dafa abin buɗa-baki. Me zai rage ka da shi idan ka cika randuna da ruwa tun daren jajibere, ka faskara itace ko ka sayo gawayi, ka kai niƙa da wuri kafin layi ya yi tsawo, ka share ƙofar gida? Ke kuma 'yar uwa, kitso da lalle a gama su tun da sauran kwana, kada ranar aiki ta zo ki zauna hannu a naɗe cikin leda. Idan an zubo abincin da za a kai maƙwabta, a kai shi da zafinsa, a dawo da kwanukan.

Game da kaya, magana ɗaya ce: kada ku tura iyayenku cin bashi. Idan Baba ya ɗinka maka yadi mai sauƙin kuɗi, ka sa shi, ka je gabansa ya gani a jikinka, ka ce Allah ya ƙara buɗi. Ba ka san abin da ya hana kansa kafin ya saye shi ba.

Bayan Idi, gida za a fara dawowa. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka ce, "Baba, barka da Sallah, an sha ruwa lafiya? A yafe mana." Ka yi wa Inna haka a ɗakinta. Idan kana sana'a, ko ta gyaran waya ce ko tuƙin Keke Napep, ka ajiye musu goron Sallah gwargwadon ƙarfinka, kuma ka miƙa da hannu biyu, ba a gaban jama'a ba. Daga nan kakanni, sai baffa, gwaggo, kawu. Ka sa wayarka a aljihu idan ka zauna. Tsohuwa ta fi son ka ci lomar tuwonta biyu ka saurari labarinta fiye da saƙon da ka tura wa mutum ɗari iri ɗaya.

Babu laifi a je Ƙofar Soro kallon hawa, a ga dawakai da 'yan lifida, a ji tambari da algaita, washegari kuma a bi hawan Bariki. Gadonmu ne. Amma a riƙe hannun ƙanne a cikin turmutsutsu, a nisanci ƙauraye da masu shaye-shaye, a bar gudun ganganci da goyon mutum uku a babur. Lafiyar da za ku yi wasa da ita, uwa ce za ta kwana jinyarta a asibiti.

Wanda iyayensa suka rasu kuwa, ya yi musu addu'a, sannan ya nemi aminan mahaifinsa da ƙawayen mahaifiyarsa ya gaishe su, domin hadisin da Muslim ya ruwaito ya sa sada zumunci da aminan uba cikin mafi girman biyayya. Galibi suna nan a tsohuwar unguwa, zaune a zaure bayan La'asar, kuma da ka faɗi sunan mahaifinka za su matsa maka a tabarma.