Wai Ba Ya Cizo

Tunda abokin tafiyata, mutumin naku, ya riga ni ba da labarin haɗuwarmu da kare, ya kuma gyara shi har ya fito a matsayin wanda ya tafi neman taimako, to bari ku ji daga bakin wanda aka bari a wurin. Hanyar nan ce da muke bi da sassafe don motsa jiki, ta bayan fili inda ciyawa ta yi tsawo. Likita ne ya sa ni, saboda tumbina. Muna tafe ina goye da jaka, shi yana ta zuba kan rigimar wurin aikinsu, sai ga kare ya ɓullo. Ba igiya, ba sarƙa, ba kowa a bayansa.

Baƙi ne, mai faɗin ƙirji. Ko haushi bai yi ba, kuma shirun nan ya fi kaɗa min hanta. Ya tsaya cak, jiki a sandare, gashin bayan wuyansa ya miƙe, bindi a sama yana motsi kaɗan-kaɗan. Mutumin naku ya ce ai wasa yake so, ga shi yana kaɗa bindi. Na ce masa ƙasa-ƙasa, ba kowane kaɗa bindi ne maraba ba, in bindin ya ƙage a sama kuma jikin babu laushi, to karen a shirye yake. Ban rufe baki ba na ji iska a gefena. Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Mutumin da yake cewa ciwon gwiwa ya hana shi hawa bene, shi ne ya haye katangar filin nan ba tare da ya dafa ta sosai ba. Karen ya bi shi a guje, don duk abin da ya ruga kare sai ya bi shi, ya tarar babu kowa sai katanga, ya juyo. Saura ni.

Ni kuwa na san karatun. Yaya ta sha zaunar da yaranta tana koya musu ina gefe ina danna waya: kada ka gudu, kada ka yi ihu, ka tsaya ka ɗan juya masa gefe, hannuwa a jiki, kada ka zuba masa ido don a wurinsa neman faɗa ne, in da abu a hannunka ka sa shi tsakaninku. In ya kayar da kai ka dunƙule, ka kare wuya da fuska da hannuwanka. Maganar gudu ma ban tsaya lissafinta ba. Usain Bolt da ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009, ƙarshen saurinsa wajen kilomita 44 ne a awa, karnukan tsere kuwa suna kai 70. Wannan ba na tsere ba ne, amma ni ma ai ba Bolt ba ne.

Na tsaya. Na juya gefe. An ce kada a haɗa ido da shi, ni kuma na ga rufe idon gaba ɗaya ya fi tabbas, na runtse. Na ji takunsa a kan tsakuwa, na ji hancinsa mai sanyi a bayan gwiwata, yana shinshina yana hura min iska mai ɗumi. Gumi ya karyo min tun daga ƙeya. A hankali na zame jakar daga kafaɗa na sauko da ita gabana. Ya cafke ta. A cafkar ne haƙori ya ɗan karce min bayan hannu, ban ma ji ba sai daga baya. Na sakar masa, yana fizga yana gurnani, ni kuma na fara yi masa magana da murya mai sanyi yadda aka ce. "Je ka gida. Yauwa. Je ka gida, yaron kirki." Na ji gurnanin ya ragu, na ce a raina maganin yana ci, na ƙara ƙaimi. "Haka ake so. Tafi gida. Babu mai taɓa ka. Tafi gida abinka, ka ji?" Ina jin numfashi a gabana har yanzu, don haka ban motsa ba. Na ci gaba da lallashi, har da yi masa alkawarin ba zan sake bin hanyar ba. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, amma dai ƙafata ta hagu ta yi tsami.

Sai na ji an yi gyaran murya. Na san kare ba ya gyaran murya. Na buɗe ido ɗaya.

Baba mai sanda ne, wanda yake wucewa kullum da ƙaramar rediyonsa, tsaye a gabana daidai inda nake zaton karen yake. A bayansa ga matan nan masu zagayen safe sun yi cirko-cirko, wata ta toshe baki da hannu kafaɗunta na rawa. Karen kuwa yana can gindin bishiya, nesa, ya kwanta ya farke cikin jakata yana bincike a tsanake. Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, ai gidan zan je. Kai ka tare hanya." Na ce, "Sannu Baba, ina kwana." Ya ce, "Lafiya lau. Na gode da yaron kirkin." Ya raɓa ni ya wuce, ko murmushi bai yi ba, kuma rashin murmushin nan ne ya ƙarasa matan. Ɗaya har da durƙusawa. Ina tattara sauran mutuncina sai babbarsu ta ɗago wani abu a kan tsinken itace ta ce, "Malam, wannan naka ne?" Gajeren wandon da nake canzawa ne. Mai zanen nan. Wanda aka saya min. Na ce ba nawa ba ne. Ta dubi jakar, ta dube ni, ta rataye shi a reshe ta ce ko mai shi zai zo nema.

A nan mai karen ya iso, kuma shi ne ainihin wanda nake jin haushi har yau. Yana tafe a hankali, waya a kunne, igiyar karen rataye a wuyansa shi. A wuyansa! Igiya sabuwa fil, ja, mai ƙarfe a baki, ga alama ba ta taɓa sanin wuyan kare ba. Bai sauke wayar ba ya ɗaga min hannu ya ce, "Kada ka damu, ba ya cizo." Na nuna masa hannuna da ya fara tsatstsafo da jini. Ya leƙa ya ce wannan ai ba cizo ba ne, karta ce, kuma bai taɓa yi wa kowa haka ba, wataƙila na tsorata shi. Ni na tsorata shi. Dabba mai haƙora 42, ni ina tsaye ido a rufe ina kiransa yaron kirki. Duk mai kare a duniya haka yake faɗa, kuma gaskiyarsa, shi ba a cizonsa, tunda shi ke ba da abinci. Na tambaye shi ko an yi wa karen allurar rigakafin hauka. Ya ce sosai ma. Na ce ina katin. Ya ce yana gida, ko a mota, ko wurin ƙaninsa. Sannan ya kira karen, karen ya ɗago kai ya dube shi ya koma kan tawul ɗina. Ya sake kira. Ya yi fito. Ƙarshe shi ya taka ya je ya same shi, yana ce min ka gani, yana jin magana.

Da na kira Yaya ina tsammanin jaje, faɗa na samu. Ta ce in sa hannun a ƙarƙashin famfo da sabulu minti 15 cur, ta kuma ƙi kashe wayar don ta tabbata. Minti 15 a gaban famfo yana da tsawo. A ciki ta karanto min cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe mutane wajen 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar karnuka, cewa karta ma ta isa in fata ta buɗe, kuma in alamun suka riga suka bayyana kusan ba a tashi. Na ce Yaya ai na ji. Ta ce ban ji ba, asibiti yanzu. Can aka yi min allura a dantse, ba a ciki ba yadda ake ba mu tsoro muna yara, aka rubuta min ranakun dawowa: rana ta 3, ta 7, da wata ranar bayan mako biyu. Aka kuma ce a sa ido a kan karen kwana 10, in yana nan lafiya garau to hankali ya kwanta.

Kun ga inda aka kai ni. Ni da aka farke wa jaka, ni ne na koma tsayawa a bakin fili da safe, daga nesa, ina jiran mutumin ya ɓullo in tambaye shi ya jikin karen, ya ci abinci, yana shan ruwa. Shi kuma yana amsawa da fara'a, ya ɗauka shaƙuwa ce. Har ce min ya yi ai ya faɗa min, kowa ya saba da shi sai ya so shi. Igiyar tana wuyansa yana wannan maganar.

Kuɗin jaka dai ba a yi zancensa ba. Mutumin naku kuma ya dage a kan taimako ya je nema, sai dai har yanzu bai faɗi wurin wa ba, kuma da na tambaye shi gwiwar cewa ya yi ta ɗan yi sauƙi. Baba mai sanda yana gaishe ni yanzu. Wandon na ga har shekaranjiya yana kan reshen.