Hutun shekara haƙƙinmu ne, a daina sa mu roƙo

Na gaji da jin ana cewa ma'aikacin jami'a ya fi kowa hutu a ƙasar nan. Maƙwabta su faɗa, dangi su faɗa: "Ai ku kun huta, ɗalibai na tafiya kuna tafiya." Wallahi ba haka ba ne. Ina aiki a ɓangaren jarrabawa da ajiye sakamakon ɗalibai na wata jami'a a nan Abuja, kuma ranar da ɗalibai suka ɗaure kaya suka nufi tasha, ranar ce wahalarmu take farawa. Malamai su kwashi takardun jarrabawa buhu-buhu su tafi makin, mu kuma mu duƙufa shigar da sakamako, mu gyara na wanda lambarsa ta ɓata, mu shirya abin da za a kai gaban majalisar jami'a, kafin mu ɗago kai an fara rajistar sababbin ɗalibai. To a ina hutun yake?

A takarda kam akwai shi, ba wanda zai musa. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun ba ma'aikacin da ke mataki na 7 zuwa sama kwana 30 a shekara, na mataki na 4 zuwa na 6 kwana 21, na ƙasa da haka kwana 14. Jami'o'in gwamnati suna da nasu littafin sharuɗɗan aiki, kuma a kan wannan turbar aka gina shi. Ko dokar ƙwadago, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da za a ba ɗan Adam mai aiki, ta ce wanda ya cika wata 12 yana aiki a ba shi aƙalla kwana 6 da albashinsa. Ba kyauta ba ce, ba sadaka ba ce. Yana cikin yarjejeniyar da muka sa wa hannu ranar da muka karɓi takardar kama aiki.

Amma je ki nema ki gani. Ki cika fom, ki kai wa shugaban sashe, ya duba, ya ɗago ya kalle ki kamar kin zo rancen kuɗi. Tambayar farko ba ta canzawa: "Hajiya, to wa zai riƙe miki tebur?" Ni zan nemo wanda zai riƙe tebur? Ni na hana a ɗauki ma'aikata? Ki ce, "Ranka ya daɗe, bara ma ban je ba." Ya ce, "Na sani, ki ƙara haƙuri, bari a gama da sakamakon nan." A gama da sakamako, a ce ana jiran masu tantance kwasa-kwasai daga hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC. Su zo su tafi, a ce bikin yaye ɗalibai ya matso. A yi biki, a ce jerin sunayen masu tafiya bautar ƙasa bai kammala ba. Fom ɗinki yana nan ƙarƙashin tarin fayil, bai ko kai ofishin rajistara ba, har Disamba ta shigo.

Nan ne cutar take, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Ƙa'ida ta ce hutun da ba a ci ba a cikin shekararsa ya ƙone, sai fa idan hukuma ce ta ɗage shi a rubuce saboda larurar aiki. Su kuwa da baki suke ɗage miki. Ba wasiƙa, ba sa hannu, ba hatimi. Idan shekara ta juyo kika je neman kwanakinki na baya, sai a buɗe fayil a ce ai babu inda aka nuna kin nema aka hana ki. Wanda ya ce ki yi haƙuri ya sauka daga shugabancin sashe, ko kuma ya ce bai tuna ba. Ba a ba ki hutun ba, ba a biya ki kuɗin kwanakin ba, kuma a rubuce ke ce kika ƙi tafiya. Wannan cin haƙƙi ne tsagwaronsa, ko da wanda ya yi shi da murmushi ya yi.

Kuma in Allah Ya sa aka sa miki hannu, waya ba za ta bar ki ba. Kina Kano ko Katsina wajen tsohuwarki, saƙo na shigowa ta WhatsApp: ina mabuɗin kabad, mene ne lambar sirrin kwamfuta, wani ɗalibi ya zo neman takardar sakamakonsa zai kai ofishin jakadanci gobe. In kuwa suka ji kina cikin gari, shi ke nan: "Don Allah ki ɗan leƙo na minti goma." Wanda yake zaune a Kubwa ko Zuba ko Mararaba ya san babu wani abu wai shi leƙowar minti goma a Abuja. Yini ne guda ya tafi, da kuɗin mota daga aljihunki.

Ba na ɗora laifin duka a kan shugabannin sashe, don su ma yawancinsu ba sa zuwa hutun. Tushen abin ya fi ƙarfinsu. A 2020 an rufe jami'o'i saboda korona, ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da ya kama daga Maris har Disamba. Ba a gama farfaɗowa ba aka shiga na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Da aka dawo, kowace jami'a ta shiga tseren cike giɓi. Aka matse zangon karatu, aka datse dogon hutun ƙarshen shekara, wasu wuraren aka haɗa ɗaliban shekara biyu aka ɗauka lokaci guda. Shi kuwa malamin jami'a bisa al'ada a cikin wannan dogon hutun yake cin hutunsa na shekara, domin ba zai bar aji ana tsakiyar zango ba. Da aka cinye dogon hutu, an cinye hutun malami ke nan, ba tare da wani ya fito ya faɗa ba. Mu ma da ba ma shiga aji, jadawalin nan ne yake juya mu.

Sai kuma ki ji wani yana cewa, "Ai kun huta wata takwas, me kuma kuke nema?" Subhanallahi. Zaman gida babu albashi, mai gida yana buga ƙofa, an koro yara daga makaranta, mai shago ya rufe littafin bashi, wannan ne hutu? Gwamnati ta ce ba aiki ba biya, ta riƙe albashi. Amma da aka dawo, darussan nan da aka ce ba a yi ba, an koyar da su. An yi jarrabawarsu, an yi makin, ɗaliban sun fita da shaidarsu a hannu. Aikin an yi shi, a cikin lokacin da ya kamata a ce mutane suna hutu. Sai a farkon 2024 aka biya malamai wata huɗu daga cikin abin da aka riƙe, mu kuwa 'yan SSANU da NASU, ƙungiyoyin ma'aikatan da ba malamai ba, sai da muka sake ajiye aiki a shekarar kafin a waiwaye mu. An ci albashi, an ci hutu, sannan a ce mu ne muka more.

Ɗaya tushen shi ne ƙarancin hannu. Tun da gwamnatin tarayya ta sa takunkumin ɗaukar ma'aikata a 2020, wanda ya yi ritaya ya tafi da kujerarsa, wanda ya rasu haka, wanda ya samu hanya ya fice Ingila ko Kanada ko Saudiyya haka. Ɗalibai kuwa kullum ƙaruwa suke. Teburin da mutum uku ke zaune a da, yanzu mutum ɗaya ne. Shi ya sa tafiyar mutum guda hutu take tsayar da ofis, shi ya sa kuma ake kallon mai neman hutu kamar maci amana. Ko jakin da ke dakon yashi ana sauke masa mangala ya sha iska. Mu an mayar da gajiyarmu ita ce hanyar toshe giɓin da gwamnati ta ƙi cikewa.

Kuɗin hutu kuwa, tsofaffin ma'aikata ne kawai ke ba mu labarinsa. A da in za ka tafi ana ba ka wani abu a dunƙule, ka yi kuɗin mota da tsaraba. Da aka koma tsarin albashi na bai-ɗaya a zamanin Obasanjo, aka ce an narkar da shi cikin albashin wata-wata. Ya narke ɗin kuwa, don ba mai ganinsa. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a Abuja. Mai iyali da zai kwashi yara daga tashar Jabi ko ta Zuba zuwa Sakkwato ko Maiduguri ya dawo, sai ya yi lissafi ya ga albashin wata ba zai kai shi ya dawo da shi ba. Na san waɗanda aka sa wa hannu suka zauna a ɗakin haya har kwanakin suka ƙare, iyayensu na can ba su gan su ba.

Bari in zo kan mata, domin a nan na fi sanin zafin abin. Hutun haihuwa a aikin gwamnatin tarayya sati 16 ne, kuma mun gode, ya fi sati 12 na dokar ƙwadago. Amma a wurinmu, shekarar da kika haihu ki manta da hutun shekara, an lissafa shi a ciki. Likitoci da ma'aikatar lafiya ta wannan gwamnatin suna ta wa'azi a rediyo cewa a ba jariri nono zalla wata shida, alhali mai jego za ta koma aiki jaririn bai kai nan ba. Legas ta mayar da nata wata shida tun 2014, Kaduna ta bi a 2019. Me ya hana tarayya? An ce mai shayarwa tana da sassaucin awa biyu a kullum bayan ta dawo. Awa biyun nan a go-sulon Nyanya ko na hanyar Kubwa suke ƙarewa. Babu ɗakin renon yara na kirki kusa da ofis, sai ki ga mace ta tatsi nono da asuba ta bar wa 'yar aiki ƙaramar yarinya, ta wuni zuciyarta na gida, rigarta na jiƙewa, tana shigar da makin ɗalibai ɗari-ɗari wanda kuskure ɗaya a ciki zai iya jawo wa ɗan wani maimaita shekara.

Akwai abokiyar aikinmu da mijinta ya rasu. Takaba wata huɗu ne da kwana goma, kowa a ofishin ya sani, har waɗanda ba Musulmi ba. Aka ba ta 'yan kwanaki na zaman makoki, aka ce ta haɗa da hutunta na shekara, sauran kuma sai dai ta nemi hutu ba albashi. Matar da ta rasa mai ciyar da gida, ga marayu, a ce ta zaɓi tsakanin zaman takabarta da abincin 'ya'yanta. Haka ta dinga fitowa da hijabinta, idanu a kumbure, mu muna karɓe mata aiki a ɓoye don ta samu ta koma da wuri. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Maza ma ba su tsira ba. A 2021 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga magidancin da matarsa ta haihu. Abu mai kyau, musamman a garin nan da yawancinmu ba mu da uwa ko ƙanwa a kusa da za ta zauna da mai jego. Amma wani ƙaninmu a ofis da ya nema, dariya aka yi masa: "Malam, kai ne ka haihu?" Matarsa aiki aka yi mata aka ciro yaron, ba ta iya ko ɗaga bokiti. Kunya ta sa ya janye takardar.

Hutun sabatikal na shekara guda da babban malami ke samu bayan shekara shida yana aiki, shi ma ya sha wuya a zamanin IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya daga cibiya ɗaya, lokacin da waɗanda suka je wata jami'ar suka dinga bin haƙƙinsu wata da watanni. An amince a fitar da jami'o'i daga tsarin a Disambar 2023, amma sashen da malamansa ba su taka kara sun karya ba, wa zai saki? Mu kuma da ba malamai ba, tallafin ƙaro karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ba domin mu aka yi shi ba. Da kuɗinmu muke karatun, da hutunmu na shekara muke zana jarrabawa.

Duk wannan kukan na masu takardar aiki ta dindindin ne. Masu shara da masu gadi da aka miƙa wa 'yan kwangila, su ba su da fom ɗin da za su cika ma. Baba mai gadin ƙofarmu in zazzaɓi ya kwantar da shi, ko dai ya turo ɗansa ya tsaya masa, ko a yanke kuɗin ranar. A cikin harabar da ake koyar da dokar ƙwadago a aji ake yin haka.

Abin da nake nema ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Kowane sashe ya fitar da jadawalin hutu tun watan Janairu, a manna a bango, kowa ya san watansa da wanda zai riƙe masa aiki. Fom ya daina kwana a teburin mutum ɗaya: in an ƙi, a rubuta an ƙi da dalili. Rajistarori su tambayi duk shugaban sashen da shekara ta ƙare mutanensa ba su je hutu ba. Shugabannin ƙungiyoyinmu kuma, da muke yanka musu kuɗi daga albashi duk wata, su sa wannan magana a kan tebur yadda suke sa maganar alawus, su haɗa da hutun takaba da na masu shayarwa da na 'yan kwangila.

Kafin su motsa, 'yan uwana ma'aikata, duk wanda aka ce masa ya yi haƙuri bana, ya ce ya ji, amma a ba shi a rubuce, da kwanan wata da sa hannu da hatimi. Ya yi hoton takardar, ɗaya a fayil ɗinsa na ofishin rajistara, ɗaya a gida.