Yunwa ce ko damuwa ce? Nasiha kafin ka buɗe firij

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa akwai wata magana da ba a cika taɓo ta a wa'azi ba, ana ganin kamar ƙarama ce ko ma abin dariya, alhali tana cin mutane da yawa a ɓoye. Maganar wanda ke cin abinci ba don yana jin yunwa ba. Ransa ya ɓaci sai ya nufi kicin, kaɗaici ya dame shi sai ya nemi abin taunawa, bashi ya sha masa kai ko jarrabawa ta matso sai ka ga baki bai huta ba tun safe.

Ki duba yadda abin yake zuwa 'yar uwa. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yara sun yi barci, kin ci abincin dare kin ƙoshi tun ɗazu, sai wata magana da aka yaɓa miki da rana ta dawo miki sabuwa fil. Ki juya nan ki juya can barci ya ƙi zuwa. Sai ki tsinci kanki a tsaye, ko fitila ba ki kunna ba, kin ɗauko ledar biskit kin ce guda biyu kawai zan ci, waya a hannun hagu kina ta kallon hotunan mutane, hannun dama yana kai da komo tsakanin leda da baki, ba ki farga ba sai da yatsunki suka taɓo ƙasan leda. In aka tambaye ki ɗanɗanonsa ma ba za ki iya faɗa ba. Sai ki cukwikwiye ledar ki cusa ta can ƙasan kwandon shara don kar a gani da safe. Ita kuwa maganar da ta hana ki barci tana nan daram, sai dai yanzu kin ƙaro nauyin ciki da jin haushin kanki. Maza ma kar ku ce ba ku ciki, sau nawa mutum zai baro ofis oga ya wanke shi tas, ya tsaya a hanya ya sayi soye-soye da lemon kwalba biyu ya cinye a cikin mota, sannan ya shiga gida ya sake cin abin da aka ajiye masa don kar a tambaye shi me ya faru.

Kar wani ya yi saurin cewa ai haɗama ce kawai ko raunin imani. Jiki yana da hannu a ciki. Akwai wasu 'yan gaɓoɓi biyu da Allah Ya ɗora a saman ƙoda, idan damuwa ta daɗe wa mutum sai su yi ta sakin wani sinadari da likitoci ke kira kotizol, shi kuma yana buɗe ciki ya karkata rai zuwa ga zaƙi da maiƙo. Shi ya sa da wuya ka ji wanda ransa ya ɓaci ya ce wai kabeji yake marmari, a'a, cakulan ne ko abin soyawa. Da zaƙin ya sauka sai ƙwaƙwalwa ta ba ka ɗan sanyi na 'yan mintoci, kuma ta haddace hanyar, gobe in ran ya sake ɓaci ita da kanta za ta tuna maka inda ledar take. Rashin barci ma yana ƙara wa wutar fetur, don yana ɗaga sinadarin da ke sa jin yunwa ya rage wanda ke sanar da ƙoshi, wanda ya raba dare yana danna waya washegari cikinsa ba ya jin magana.

Kuma addininmu bai ce abinci ba shi da alaƙa da sanyaya zuciya ba fa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, idan an yi rasuwa a danginta mata suka taru suka watse ya rage sai na jiki, takan sa a dafa talbina, wani kunu mai laushi da ake yi da garin sha'ir, ta ce su ci, domin ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa talbina tana hutar da zuciyar mara lafiya kuma tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Haka lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) cewa ya yi a yi wa iyalan Ja'afar abinci domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. To ka ga ba laifi ba ne mai baƙin ciki ya sami abu mai ɗumi ya ci ya ji sauƙi.

Amma mu tsaya a kan hadisin talbinar sosai. Talbinar nan dafa ta aka yi da niyya, aka zuba, aka zauna tare da 'yan uwa, wani ya miƙa wa wani, kowa ya san me ake ciki kuma kowa ya san sunan damuwar. Sannan lafazin hadisin wani sashe ya ce, bai ce duka ba. Namu cin kuwa a tsaye ake yinsa, a duhu, mutum shi kaɗai yana satar kallon ƙofa, kuma abin da yake nema a wurin abincin shi ne ya ɗauke masa damuwar gaba ɗaya, aikin da ba a halicci abinci don shi ba. Kamar wanda rufin ɗakinsa ke yoyo ne shi kuma ya duƙufa goge tsakar ɗaki, zai goge har ya gaji ruwa bai fasa sauka ba.

Ina Annabi (SAW) yake kai tasa damuwar? Huzaifa ya ce idan wani al'amari ya tsananta masa sai ya tashi ya yi salla. Kuma Annabi (SAW) ne mai cewa Bilal ya tayar da salla ya hutar da su da ita, duka biyun Abu Dawud ya kawo su. Annabi Yakubu da baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya kai har idanunsa suka yi fari, cewa ya yi yana kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah ne kaɗai, duba Suratu Yusuf aya ta 86. Bai ƙaryata cewa yana cikin ƙunci ba, bai danne ba, ya faɗa, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mu kuwa sau da yawa ko sunan abin ba ma son kira. Mutum ba zai ce kishi nake ji ba, ko tsoron talauci, ko na ji zafin yadda aka wulaƙanta ni a gaban mutane, sai ya ce bakina ne ba daɗi bari in ɗan taɓa wani abu.

Don haka abu na farko shi ne tambaya, kafin hannu ya kai ga murfin tukunya: yunwa ce ko wani abu ne daban? Gane su ba wuya in mutum zai yi wa kansa gaskiya. Yunwar gaske a hankali take zuwa, ciki ne ke ƙugi, kuma duk abin da aka ba ka na halal za ka ci, in ka ƙoshi ka tsame hannu. Ɗayar kuwa farat ɗaya take faɗowa, abu guda take so ba ta karɓar madadinsa, ciki ya cika ba ta ce ya isa ba, kuma nadama ce ke biyo bayanta. In ka gane ta biyun ce to ka ba kanka minti goma kacal. Ka sha ruwa, ka yi alwala, ka yi raka'a biyu in lokacin nafila ne, ka karanta addu'ar nan da Anas ya ce Annabi (SAW) yana yawaita ta, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, har ƙarshenta. In fushi ne ai an koya mana, ka nemi tsari daga Shaiɗan, in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kwanta. Ko ka fita ka ɗan taka, ko ka kira wanda ka yarda da shi ka ce wallahi yau raina a jagule yake. Sau da yawa kafin minti goman nan ya cika kwaɗayin ya yi sanyi. In kuma bai yi ba, to ɗebo kaɗan a faranti, mayar da sauran, zauna ka ci a sarari kamar mai cin halalinsa, don halalinka ne.

Shi kansa zaman cin, da za mu riƙe ladubban da muka haddace tun muna yara da rabin matsalar ta kau. Umar ɗan Abu Salama yana yaro hannunsa na yawo a cikin akushi, Annabi (SAW) ya ce masa ya kai yaro, ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka. Bismillar nan in da hankali aka yi ta birki ce, don da wuya ka ambaci sunan Allah da zuciya a farke sannan ka afka wa abinci kamar ana korarka. Annabi (SAW) ya kuma ce shi ba ya cin abinci a kishingiɗe, mu ko yanzu a kwance ma ake ci, ido na kan talabijin. A ajiye wayar nan don Allah. Saƙon ƙoshi yana ɗaukar kusan minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa daga ciki, wanda ya share faranti cikin minti biyar ya ƙara na biyu kafin saƙon ya iso, sai daga baya ya ji ko numfashi da ƙyar. A nan ne za ka ga hikimar hadisin Miƙdam ɗan Ma'adi Karib da Tirmizi ya ruwaito, cewa ɗan Adam bai taɓa cika wani mazubi mafi sharri kamar cikinsa ba, 'yan lomomi da za su tsayar masa da bayansa sun ishe shi, in kuma ba makawa to kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Ba wanda zai iya barin wa numfashi kasonsa in yana haɗiya ba taunawa.

Abin sha ma a kula, don nan ne sukari ke shigewa ba sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen ƙaramin cokali 12 ga babban mutum, alhali gwangwani ɗaya na lemo mai gas yakan ɗauki kusan cokali 8 ko 9. Wanda ke huce haushinsa da gwangwani biyu ya riga ya zarce, ko shayin safe ba a lissafa ba. Allah Ya ce ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, lalle Shi ba Ya son masu ɓarna, A'araf aya ta 31, mu kuma mun taƙaita ɓarna ga abincin da aka zubar a shara, mun manta da wanda aka ɗura wa cikin da bai nema ba.

Wasu sahabbai sun taɓa kai kuka cewa suna ci ba sa ƙoshi, Annabi (SAW) ya ce wataƙila a rarrabe kuke ci, suka ce haka ne, ya ce ku haɗu a kan abincinku ku ambaci sunan Allah za a sa muku albarka a cikinsa. Wannan cin na damuwa ba abin da yake so kamar kaɗaici. In kana da iyali ko abokan zama, ka yi ƙoƙari ko sau ɗaya a yini a ci tare.

Sai wani tarko da masu son gyara ke faɗawa. Mutum ya cika ciki fiye da kima da dare, da safe ya tashi yana zagin kansa, ya ce yau ba zan sa komai a bakina ba, wani ma har ya ɗaura niyyar azumi amma can ƙasan zuciyarsa horo yake yi wa jikinsa. Yamma na yi yunwa ta haɗu da haushi, ya ci ninkin na jiya. Azumi ibada ce ana yinsa don Allah, kuma lalle yana koya wa rai haƙuri, amma kar a mai da shi bulala. Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr, wanda ke azumi kullum yana raya dare duka, cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka. In ka zame jiya, yau ka karya kumallo yadda ka saba, ka ci na rana a kan lokaci, ka kwanta da wuri. Cikin da ake ba haƙƙinsa a kan kari ba ya yawan tayar da rigima da tsakar dare.

Akwai kuma inda abin ya wuce nasiha. Wanda yake cin abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci yana jin ya kasa tsayawa, a ɓoye, abin yana maimaituwa kamar sau ɗaya a mako har wata uku, wannan likitoci sun san shi, tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a jerin cututtuka masu zaman kansu, kuma ana maganinsa. Haka mai tilasta wa kansa amai bayan ya ci, ko wanda baƙin ciki ya yi masa katutu har ya daina jin daɗin komai. A je asibiti a yi bayani ba kunya, ana addu'a ana neman magani, ai duka umarni ne.

Ku kuma iyaye da mazaje da mata da kuke zaune da mai wannan hali, ku ji tsoron Allah a kan harshenku. Kai wane irin ci ne haka, dubi yadda kika koma, irin waɗannan kalaman ba su taɓa rage wa kowa loma ɗaya ba, sai dai su koya masa ɓoyewa. Yaro ma in ya yi kuka kar kullum a toshe masa baki da alawa, a riƙa tambayarsa me ya same shi tukuna, don abin da aka saba masa da shi yana shekara huɗu shi zai nema yana shekara arba'in. In kin ga ledoji a ƙasan kwandon shara da safe ba sai kin ɗago su kin nuna wa kowa ba. Ki bari sai kun keɓe, ki zauna kusa da wadda ta ɓoye su, ki ce na ga kwana biyun nan kamar akwai abin da ke damunki, sannan ki yi shiru ki saurara.